Ƙarshen Labarin Risikat

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Shinkafar Gwaggo Hodi ta ƙone. Durum guda cur. Nana Aisha, matar ɗanta, ce ta bugo mini daga Argungu tana dariya har tana shaƙewa. Wai duk matan gidan sun kewaye waya suna sauraron labari, ba wadda ta tuna da wuta sai da ƙauri ya kai zaure. Na taya ta dariya, kaina ya fara kumbura, na ce wane babi ne ya yi wannan ɓarna? Sai ta ce, "Ba naki ba na, Anti Sauda. Na Risikat na."

To.

Gwaggo ce ta goya ni, a ɗakinta na fara jin tatsuniya. Tun kafin a haife ni take turara shinkafa, matan unguwa na taya ta. Tun bara nake naɗar labarina da muryata, babi-babi, in tura musu, su jefa wayar cikin kwanon silba don ta ƙara amo, suna aiki suna ji. Har auna tsawon babin nake yi da durum ɗinsu: in na ce mu kwana nan, shinkafa ta isa sauka. Gwaggo da bakinta ta yaba mini wannan. Labarina bai taɓa ƙona wa kowa ko ƙwaya ɗaya ba, kuma da ina ganin abin alfahari ne.

Risikat kuwa ƙawata ce tun firamare, 'yar Mama Rotimi Bayarabiya, tela ce a unguwar Nasarawa, nan Birnin Kebbi. Ni na koya mata yadda ake naɗar murya. Ni na ba ta lambar Nana Aisha, wai don awon riga.

Talata, 6 ga Mayu, da safe

Ban saurara ba, ba kuma zan saurara ba.

Laraba, 7 ga Mayu, lokacin tara a makaranta

Na saurara. Don in san inda aka yi kuskure ne kawai.

Wata Abu ce, 'yar mai albasa. A babin farko ta ga wani saurayi wai shi Malami, a babin farko ta so shi. Ko sallama ba su gama ba. Kafin ka ce kwabo an yaudare shi ya shiga kasuwar aljanu, wadda ke ci a kan yashi a tsakiyar gulbi in ruwa ya janye, an saye masa inuwa, ya dawo gida ba inuwa yana ta ramewa. Abu ta saci kwalekwale ta bi sawu. Daga nan sai gudu. A faɗa rami, a fito, kada ya biyo, a tsere, wata tsohuwa mai fuska a ƙeya ta tare hanya. Ba a gaya maka kalar sama ba, ba a gaya maka abin da yarinyar ke ji a ranta ba. Ga ƙarar keken ɗinki a baya, ga wani yana tambayar kuɗin zip. Wannan ba rubutu ba ne, tseren jakuna ne.

Nawa fa? Tamba, ɗan masunta, yana jin muryar Kyallu 'yar sarkin ƙarƙashin ruwa a cikin goransa na su. Bai taɓa ganin fuskarta ba. Yana bin gulbi gari bayan gari yana nemanta, kowane gari da hukuncinsa. Na yi babi guda a kan yadda ya gyara homarsa ta kamun kifi yana tunaninta, kuma har gobe ina cewa babu abin da na taɓa rubutawa da ya kai shi. So ai jira ne. Wanda bai iya jira ba me ya sani game da so?

An kaɗa ƙararrawa ban ji ba. Sai da wata malama ta leƙo ta ce ajina ya zama kasuwa.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan magariba

Na je Argungu. Zafi kamar a soya ƙwai a kan kwalta. An kawo sabuwar shinkafar rani daga fadama, buhuna har bakin rijiya, tsakar gida duk shanya. Gwaggo ba ta fito ba. Tun da aka sallamo ta daga asibiti, daga kan gado take ba da umarni ta taga. Hannunta da na riƙe ya ba ni tsoro, sai na ce mata ta yi kyau.

Na kai mata sabon babi, na ce yau da bakina zan karanta. Ta ce bismilla. Na yi nisa, Tamba ya isa wani gari da ba a magana sai da waƙa, ta katse ni.

"Saude, wai shi yaron ga, yaushe za shi ganin yarinyar ga?"

Na ce, "Gwaggo, da saura. Sannu ba ta hana zuwa."

Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni. "Ƙarasa karin maganar mana, malama. Sai dai a daɗe ba a je ba."

Nana Aisha ta miƙe ta fita, wai ta ji ana sallama. Ni ban ji sallamar kowa ba.

Na ci gaba da karatu. Da na ɗaga kai ta yi barci. Na zauna ina mata fifita. Da ta farka, abin da ta fara cewa shi ne, "Ɗiyar Mama Rotimi ta aiko na yau?" Aka kawo kwano, aka jefa waya. Matan suka bar shanya suka cika ƙofar ɗaki. Gwaggo da ba ta iya tashi zaune sai an tallafa mata, na gan ta da idona ta dogara da gwiwar hannu tana cewa, "Gudu, Abu! Gudu, 'yan nema!" Ta yi dariya har ta riƙe ciki, dariyar ta koma wani abu, aka kashe wayar, ta ce a kunna.

Kishi nake yi. Na rubuta, ga shi nan. Ba wanda zai gani.

Lahadi, 11 ga Mayu, da hantsi

Na shiga motar Usmanu neman cajata, na taɓa rediyo, sai ga muryar Risikat. A motar mijina. Ya ce wai abokinsa ne ya tura masa, bai ma san na waye ba. Mutumin da ya ci tuwon sunan 'yarta. Na ce nawa fa, ina ka tsaya? Ya ce, "Inda yaron nan yake gyaran homa." Wata huɗu ke nan.

Talata, 13 ga Mayu, bayan isha'i

Na gwada irin nata. Na jefa Tamba cikin rami, na aika masa kura, na sa gari ya kama da wuta. Da na saurari abin da na naɗa sai na ji kunya, kamar tsohuwa ta sa kayan 'yammata. Na goge.

Usmanu ya ce, to ki haɗa su mana kowa ya huta. Shi yana ganin ban san hanyar ba ne. Na san inda za su haɗu, na san abin da Kyallu za ta fara ce masa, tun bara na sani. Amma in sun haɗu labari ya ƙare. In ya ƙare, Gwaggo me za ta jira?

Ban gaya masa haka ba. Na ce masa bai san adabi ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, da yamma

An kawo Gwaggo asibiti nan Birnin Kebbi. Mun wuni. Likitan ya kira ɗanta gefe, suka daɗe, ya dawo yana kallon takalminsa. Sun ce a koma gida, gida ya fi mata daɗi. Shi ke nan abin da zan rubuta game da wannan.

A mota kanta yana kan cinyata. Mun wuce mahaɗar Nasarawa ta ce, "Nan ɗiyata take ko?" Na ce, "Ga ni nan, Gwaggo." Ta ce, "A'a, ɗiyata mai labari."

Ɗiyata mai labari.

Ni kuma fa, wace ce? Mai fifita?

Juma'a, 16 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Na je shagon Risikat. Tana kan keke, allura a baki, ta ganni ta yi tsalle ta rungume ni. Ta ce, "Ƙawa, kin ɓace! Yaya jikin Gwaggo? Walle kullum sai na yi mata addu'a." Ta tura a sayo mini lemo mai sanyi. Da ma ta yi mini rashin mutunci, da abin ya zo mini da sauƙi.

Ta ce kunya ce ta hana ta gaya mini ta fara labari. Wai ita ba ta iya ba, ko rubutawa ba ta yi, tana ɗinki abin yana zuwa mata, ta faɗa, ta tura. Ba ta ma san abin da zai faru gobe ba sai goben. Ta ce, "Ke ɗin ce gwana, ni shirme nika yi. Ki duba mani shi mana."

Ba ta ma rubutawa. Ni da nake tashi tun asuba ina goge jimla.

Na ce mata labarinta yana tayar wa Gwaggo da ciwo, dariyar tana wahalar da ita. Wannan gaskiya ne, na gani da idona. Ta ce subhanallahi, ba ta sani ba, za ta rage abin dariyar. Da ma nan na tsaya.

Ban tsaya ba. Na ƙara wata magana guda. Ba zan rubuta ta ba.

Ta cire allurar daga bakinta ta soke a jikin matashi. Ta ce, "Sauda, cibiyata nan Nasarawa anka binne ta. Gwaggo ta yi mani kitso, ta ba ni tuwo cikin kwano guda da ke. Yau ni ka neman gwaggo wani gari?" Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Shi ke nan. Na bar maki."

Lemon ya iso ina fita.

Lahadi, 18 ga Mayu, da rana

Shiru. Ba ta tura komai ba tun ranar. Na samu abin da nake so.

Talata, 20 ga Mayu, bayan la'asar

Nana Aisha ta bugo. Gwaggo ta dame su da tambaya. Ashe a mugun wuri Risikat ta tsaya: Abu ta ƙwato inuwar Malami, ta rufe ta cikin kwano, ta shiga kwalekwale, aljanun kasuwa suna biye da ita, ga kwalekwalen yana shan ruwa a tsakiyar gulbi, ga murfin kwano yana zamewa. Nan ta bar su. Ko ni ban san ta iya mugunta haka ba.

Na ce na tura nawa babi biyu jiya, ba su gani ba? Ta ce sun gani, sun gode, an sa wa Gwaggo, ta samu barci sosai. Ta faɗe shi da zuciya ɗaya, har da godiya. Wai kwana biyu ba ta runtsa ba sai da aka sa nawa.

Maganin barci nake haɗawa ashe. Shekara guda ina haɗa maganin barci.

Ta ce in taimaka in nemo musu Risikat, ta daina ɗaukar wayarsu. Na ce ni ma layin ba ya shiga.

Laraba, 21 ga Mayu, da safe

Lambar tana nan a wayata. Na buɗe, na rufe.

Alhamis, 22 ga Mayu, da yamma

Na buɗe, na rufe. Ai ita ta ce ta bar mini. Ban ce ta bar Abu a tsakiyar ruwa ba. Mai tausayi da ta ƙarasa ta tura, ko don tsohuwa. Ta san abin da take yi. So take in je in durƙusa.

Usmanu ya ce na rame. Na ce zafi ne.

Asabar, 24 ga Mayu, Argungu, bayan azahar

Sun kira ni tun da sassafe, sun ce in taho da kayan kwana.

Ba wuta ko ɗaya a tsakar gida. An kife durum-durum, an jingine su da katanga, kaji suna yawo inda ake shanya. Tun ina yarinya ban taɓa shiga gidan nan ban ji ƙamshin shinkafar da ake turarawa ba. Mata suna shiga ɗakin ɗaya bayan ɗaya suna fitowa da mayafi a fuska.

Ta gane ni. Ta ce, "Saude." Na ce, "Na'am, Gwaggo." Na matsa kunnena kusa da bakinta. Ta ce, "Ta ƙetare?"

Na fita bayan ɗaki wajen rijiya na kira Risikat. Wallahi na kira. Ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Na sake. Na rubuta mata, na goge, na rubuta "Gwaggo ce," na tura. Ba ta buɗe ba.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan la'asar

Dole sai na rubuta wannan yau.

Da hantsi ta sake tambaya. Ba ta ƙara neman ruwa ba, ba ta nemi kowa ba, sai wannan. Nana Aisha ta dube ni. Na ɗauko wayata na ce, "Gwaggo, ta aiko. Muryarta ta dishe, sai ta rubuto, ta ce in karanta maki." Nana Aisha ta leƙa fuskar wayar, ta ga babu komai a kai sai hoton 'ya'yana. Ba ta tona ni ba, Allah ya saka mata.

Ban san daga ina abin ya zo ba. Ban tsaya kan kalar sama ba. Na nutsar da kwalekwalen a jimlar farko. Abu ta ga kwano zai tafi, ta buɗe murfin da kanta, ta juye inuwar Malami a kan tata inuwar, ta faɗa ruwa. Ta yi iyo da inuwa biyu, nauyinsu yana janta ƙasa. Tsohuwa mai fuska a ƙeya ta cafko ƙafarta, Abu ta juya ta watsa mata ruwa a ƙeya, tsohuwa ta makance ta saki. Kadan nan da ya yi ta bin ta tun farko ya taso, ashe ba cinye ta yake so ya yi ba, shi ma tasa inuwar aka saye, ya ga mai ƙwatowa. Ya sa bayansa ya tare aljanu. Matan gida sun cika ƙofa ban san sa'ad da suka zo ba. Wata ta ce, "Wayyo Abu!" Gwaggo ta damƙe yatsana.

Abu ta fito gaɓa rana tana tsaka. Ga Malami tsaye, ya zama kamar kara. To, da tsakar rana inuwa tana ƙarƙashin ƙafa, ba a gane ta wane da ta wane. Ba yadda za a raba. Sai ta je ta tsaya dab da shi, ƙafa da ƙafa, a gaban duk mutanen gari, suka tsaya haka ba mai motsi har rana ta karkata, inuwa ta miƙe, tasa ta gane shi ta koma. Amma ba ta koma duka ba. Wani ɗan yanki ya liƙe a jikin tata, wani yankin tata ya bi tasa. Shi ya sa har suka tsufa, in ɗaya ya yi tafiya, ɗayan sai ya ji sanyi a gefe guda.

Nan na tsaya. Ban taɓa ba da labari irin wannan ba, kuma na san ba zan ƙara ba.

Gwaggo ta saki ajiyar zuciya. Fuskarta ta warware, rabon da in ga haka tun kafin azumi. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ta ƙetare."

Ta ɗan huta. Sannan ta matse yatsana, ta ce, "Kin jiya ko, Saude? Haka a ka labari. Ki tai wurinta ki koyo. Kak ki ji kunya, ƙawarki ta."

Maganar tana bakina. Kalma biyu ce kawai. Na dubi fuskarta.

Na ce, "To, Gwaggo. Zan je."

Ba ta tambayi Tamba ba.

Litinin, 26 ga Mayu

Da hantsi Gwaggo ta cika. An shimfiɗa tabarmi har ƙofar gida.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan magariba

Yau sadakar uku. Risikat ta zo da mahaifiyarta, idonta a kumbure. Ashe tun ranar da na je shagon ta jefa wayar cikin durowa, sai jiya yayanta Rotimi ya ji labarin rasuwar a kasuwa ya gaya musu. Ta durƙusa ta gaida manya, ta zo ta zauna kusa da ni. Ba mu dubi juna ba.

Sai wata daga cikin masu turara ta gane ta. Nan take mata suka yo ca. "Ke ce mai Abu? Allah shi yi maki albarka, ɗiyan nan. Hodi ba ta tahi ba sai da taj ji ƙarshe." Wata ta ce wurin kadan nan ya fi kashe ta. Wata ta ce ita tsayuwar ranar nan ce, har yanzu in ta tuna sai ta ji tsikar jikinta ta tashi. Suna ta sa mata albarka, tana ta cewa amin, amin, fuskarta ba ta nuna komai ba. Nana Aisha tana raba gumba, ba ta ɗago ba.

Da aka tashi salla muka rage mu biyu a kan tabarma. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. Ta ce a hankali, "Ni ban san yadda za ta ƙetare ba, Sauda. Tun kahin ki zo shago na rasa hanya. Ina ta tsoron ranar da Gwaggo za ta gane." Ta share ido. "Ƙaƙa kinka yi da ita? Hwaɗa mani."

Na dube ta. Albarkar ta tafi wurinta, sunan ya tafi wurinta, har maganar ƙarshe da Gwaggo ta yi mini tata ce. Na riƙe hannunta, don ƙawata ce, kuma ina sonta, kuma na cuce ta.

Na ce, "Ki tambayi matan. Ni ba zan iya maimaitawa ba."

Zan iya. Ina da shi kalma-kalma. Amma sau ɗaya Gwaggo ta damƙe yatsana saboda labari, kuma wannan ba zan ba kowa ba.